Tulun da Injiniya Ya Binne a Yangoji

"Kashe shi," in ji Thaddeus, ya yi wa mutumin da ke kan injin haƙa alama da hannu.

Rugugin kwamfuresa ya mutu. Farar ƙurar dutse ta ci gaba da sauka a kan rumfunan da aka kakkafa a bakin titi, da kujerun roba da aka jera, da mayafin Zuhra, wadda ta fito daga mota ko ƙofar ba ta tsaya rufewa ba.

"Me ya faru kuma, Oga Thaddeus?"

"Madam, mita ɗari da ashirin ke nan." Ya sunkuya ya damƙo abin da ramin ya tofo, ya buɗe tafinsa a gabanta. Gari ne fari fat, busasshe kamar na rogo. "Ruwa babu. Ko laima babu. Wannan wuri ba ta da ruwa, ko da za mu ɓulla Lokoja ta ƙasa."

Zuhra ta tsaya tana kallon garin. Yau Alhamis. Jibi Asabar ake addu'ar arba'in ta mahaifinta, Injiniya Badaruddeen, kuma a ranar ne aka shirya buɗe wannan rijiyar burtsatse, wadda abokansa da maƙwabtansa na Garki suka kafa asusu domin a haƙa da sunansa, sadaka mai gudana ga mutanen Yangoji. An raba katin gayyata ɗari uku. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana nemo wa garuruwa ruwa, ga shi masoyansa sun haɗu sun haƙa masa busasshen rami.

"Wa ya zaɓi nan?" ta tambaya.

Thaddeus ya nuna da haɓa. Daga ƙarƙashin rumfa ta farko mutum biyu ke tahowa suna kakkaɓe riguna. Na gaba shi ne Alhaji Sabo, shugaban kwamitin asusun, mutumin Kano mai shagon kayan gini a kasuwar Garki, aminin marigayin tun lokacin da unguwar Area 1 ba ta wuce daji da turakun awo ba. Na bayansa Dakta Abdulmajeed ne, darakta a wata ma'aikatar tarayya kuma sakataren kwamiti, waya ɗaya a kunne, ɗaya a hannu.

"'Yata, kin iso?" in ji Alhaji Sabo. "Kada ki tayar da hankalinki. Inyamurin nan ne ke son ƙarin kuɗi."

"Ni Tibi ne, Alhaji, sau nawa zan faɗa?" in ji Thaddeus. "Kuma na gaya maka tun Litinin, a kira mai awo ya duba ƙasa tukuna. Ka ce babu lokaci."

"To akwai lokacin ne? Mai awo sati guda ya ce. Allon kuma an riga an kafa."

Sai a lokacin Zuhra ta lura da allon. Taku uku daga bakin ramin, an girke baƙin dutse mai sheƙi a cikin siminti, yana fuskantar titin Lokoja, an rubuta sunan mahaifinta da ruwan gwal, a ƙarƙashinsa kuma sunayen 'yan kwamiti goma sha ɗaya.

"Baba Sabo, allon aka fara kafawa, sannan aka nemi ruwa a gindinsa?"

"A ina kike so a sa shi? A cikin gona, inda sai awaki za su karanta? Nan duk wanda ya fito daga Abuja zai gani, ya yi masa addu'a."

Dakta Abdulmajeed ya sauke wayar daga kunnensa, ya gyara gilashi. "Zuhra, ki saurare ni, abin nan ba wata matsala ba ce. Tanki yana nan a kan ƙarfensa, famfuna huɗu an haɗa. Gobe da yamma tankar ruwa za ta zo daga Gwagwalada ta cika shi. Asabar babban baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, a ɗauki hoto, a yi fatiha. Bayan taro sai kwamiti ya zauna a tsanake ya duba abin yi."

"Ranar Lahadi kuma fa?"

"Lahadi ai baƙi sun watse."

"Mutanen garin ba su watse ba, Dakta."

"Haka ake yi ko'ina," ya ce, ya mayar da wayar kunnensa.

Zuhra ta ji haushinsu duka. Haushin kanta ma ya fi na kowa. Kwana talatin da takwas ta yi a gidan Garki tana karɓar gaisuwa tare da mahaifiyarta, duk lokacin da aka ce kwamiti na son ganinta sai ta ce su manya ne, su yi yadda suka ga ya dace. Ita ma ta saka albashinta na wata biyu a asusun, ta koma ta zauna.

Ta juya wurin Thaddeus. "In aka nuna maka wani wuri, za ka sake haƙawa?"

"Madam, kin san Abuja yanzu. Kowa na gini, kowa na son bohol. Mutum goma sha huɗu na jira na a layi, gobe da safe ina da aiki a wani sabon rukunin gidaje a Gwarimpa. Ƙarfe biyu zan naɗe kaya. In kafin nan kun kawo wuri mai hujja, ba na allo ba, da man gas duro huɗu, zan tsaya saboda babanki. In na tafi, sai bayan damina."

Ta dubi agogo. Sha ɗaya saura kwata.

Ta koma mota ta zauna, ta ja ƙofa, ta kifa goshi a kan sitiyari. Bayan damina. Ta san kwamitocin Abuja. Bayan damina rabin mutanen an yi musu canjin wurin aiki, sauran sun kafa wani asusun na wani mamacin, allon kuma zai tsaya nan shekara da shekaru, direbobin tirela suna karanta sunan babanta a kan famfon da ba ya ɗiga.

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

Wata tsohuwa ce gajeriya, da sanda a hannu, zanenta ya koɗe. Zuhra ta laluba jaka don ta ba ta wani abu.

"Mayar da hannunki, 'yar Injiniya," in ji tsohuwar. "An riga an ba ni. Sunana Lantana, gidana ne ke jikin gonar babanki. Ni ke kai masa kunu in yana shuka."

Zuhra ta buɗe ƙofa da sauri. "Ki yi haƙuri, Inna. Sannu."

"Haƙuri na ƙoshi da shi. Sau uku ina zuwa wurin mutanen nan. Na farko na kawo doya ashirin, gudunmawata, mai gilashin can ya ce rasit ɗinsu ba ya karɓar doya. Na biyu aka ce maza na taro. Na uku, ranar da motar haƙa ta zo, na ce musu ba nan ba ne, sai ya zaro naira hamsin ya ce in hau mashin in koma gida. Gidana ga shi can ana gani."

"Ba nan ba ne? Kin san inda yake?"

"Inda ya binne tulun mana."

"Wane tulu?"

Lantana ta dube ta kamar ta tambayi sunan ubanta. "Ashe bai gaya muku ba. To, ai ku ba kwa zuwa rafi."

Ta dogara da ƙofar motar ta ba ta labari. Rani uku da suka wuce, bayan Injiniya ya yi ritaya ya sayi gona a Yangoji, ya ga matan garin suna tafiyar awa guda zuwa rafi, su tona yashi su jira ruwa ya tsatso. Sai ya aro wata na'ura mai wayoyi da turakun ƙarfe, ya yi kwana tara yana zagaya garin cikin zafin Maris. Rana ta tara ya kira Lantana, ya tona rami iya gwiwa, ya kifa sabon tulu a ciki, ya rufe. Ya ce in kuɗin sallamarsa sun fito, nan zai haƙa. Kafin su fito ciwo ya kama shi.

"Na ce masa, Injiniya, me ya sa tulu? Ya ce turken ƙarfe 'yan bola za su tuge, na itace gara za ta cinye, takarda kuma in ta shiga ofis ta shiga ke nan. Tulu babu mai sata. Ya ce duk garin da ya yi aiki haka yake yi, kuma ba ya nuna wa mai gari, ba ya nuna wa kansila. Mace ɗaya yake nuna wa, cikin masu ɗiban ruwa, don ita ba za ta manta ba."

Zuhra ta tuna Asabar ɗin yarintarta, lokacin da yake aikin dam, ya ɗauke ta a tsohuwar fijo ɗinsa su tafi Ushafa wurin mata masu ginin tukwane. Yakan ƙwanƙwasa kowane tulu da ɗan yatsa, ya kara kunne, sannan ya cika but ɗin motar da su. Mahaifiyarta ta yi ta mita, tulu goma sha biyu a gidan da ke da famfo a kicin. Tuluna su ɓace ɗaya bayan ɗaya, Zuhra ta ɗauka kyauta yake yi da su. Har ta girma, har ya rasu, ba ta taɓa tambayarsa ba.

"Ina wurin, Inna?"

"Daga gindin kaɗanya ki fuskanci dutsen can mai tsaga. Takunsa arba'in, nawa hamsin da uku."

"Muje."

Suka zagaya bayan rumfuna, suka bi ta gefen makarantar firamare. Zuhra na gaba, tana tsayawa tana jiran tsohuwar. Da suka fito fili sai ta tsaya cak. Babu kaɗanya. Babu ko ciyawa. Jan fili ne shimfiɗe kamar faranti, da sawun gireda, motar share ƙasa, a kansa.

"Ranar Talata suka ture ta," in ji Lantana. "Wai nan manyan baƙi za su ajiye motoci. Shekara arba'in muna tsintar 'ya'yanta."

Zuhra ta rufe ido, ta buɗe. Sha biyu saura.

"Za a gane inda gindin yake?"

"Mu za mu gane."

Lantana ta ɗaga murya ta yi kira da Gwaranci wajen gidajen da ke kusa. Kafin minti goma mata takwas sun fito da fartanya, wasu da goyo. Suka yi ta gardama a tsakiyar filin, wannan ta ce nan, waccan ta ce a'a, daga nan ake hango rufin coci. Suka sassara ƙasa wuri uku. A na huɗu fartanya ta kama saiwa mai kauri, ɗanya, tana zubar da farin ƙaro.

Lantana ta tsaya a kai, ta fuskanci dutsen, ta fara taku tana ƙirgawa a bayyane. A hamsin da uku ta buga sandarta. Matan suka hau tona.

Iya gwiwa, babu komai. Suka faɗaɗa ramin ta hagu, suka faɗaɗa ta dama. Jar ƙasa da tsakuwa. Aka kira azahar a masallacin bakin titi, aka idar, suna tona. Zuhra ta cire takalmi ta karɓi fartanya, tafinta ya yi ƙuna cikin minti biyar.

Ƙarfe ɗaya da rabi 'yan kwamiti suka biyo sahu. Dakta Abdulmajeed ya leƙa ramin ya yi murmushi.

"Zuhra, ke mai digiri biyu, kina tonon tukunya a rana saboda maganar tsohuwa. Injiniya mutum ne na kimiyya. In da ya yi awo, da akwai fayil."

"Mai gilashi," in ji Lantana, ba ta ko dube shi ba, "naira hamsin ɗinka tana nan a ƙullin zanena. In ka gaji da tsayuwa ka hau mashin."

Matan suka kwashe da dariya. Dakta ya duba wayarsa.

Daga can bakin titi aka ji ƙarar ƙarfe. Thaddeus ya fara kwantar da hasumiyar injinsa.

"Inna, ki sake tunani," in ji Zuhra. "Hamsin da uku ne? Ba sittin ba?"

"Hamsin da uku. Sau biyu ya sa na taka."

Wata daga cikin matan ta ce wani abu da Gwaranci tana nuna ƙafar tsohuwar. Lantana ta dubi sandarta, ta dubi gwiwarta, sai ta ja tsaki.

"Gaskiyarta. Lokacin ba ni da sanda. Gwiwar nan bara ta kama ni, takuna ya ragu."

"To nasa fa? Arba'in ɗin?" Zuhra ta juya tana duban mazan. "Wa ya san takun Baba?"

Alhaji Sabo ya yi gyaran murya.

"Badaru in yana awo ba tafiya yake yi ba," ya ce a hankali. "Shekarar da aka ba ni filin shagona a Garki, ba mu da tef ɗin awo. Ya taka mini shi, ya ce mita goma sha biyu da mita takwas. Da masu awo suka zo daga baya, ko ɗani ɗaya ba su ƙara ba. Kowane taku mita guda cif. Na yi ta yi masa tsiya, ina ce masa raƙumi." Ya naɗe hannun babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa. "Tsawonmu ɗaya. Ku matsa."

Ya koma gindin kaɗanya, ya fuskanci dutsen, ya fara miƙa ƙafa kamar mai tsallake kwata, tumbinsa na gaba, hularsa ta karkace. Zuhra ta ruga bakin titi ba takalmi.

"Oga Thaddeus, minti goma. Kuma ara mini tef."

"Madam, biyu saura biyar."

"Na ga agogo. Tef."

Ya dube ta, ya dubi ƙafafunta, ya ɗauko tef ɗin ya biyo ta da kansa. Da suka ja shi daga saiwar, mita arba'in ta faɗi daidai inda Alhaji Sabo ke tsaye yana haki, taku tara gaba da ramin da suka ɓata awa guda a kai.

"Na gaya muku," in ji Alhaji, yana share gumi.

Sara na shida fartanya ta yi wata ƙara daban. Matan suka ajiye ƙarfe suka sa hannu. Gindin tulu ya bayyana, ja mai zanen igiya irin na Ushafa, fartanya ta ɗan fasa gefensa. Suka ciro shi a hankali suka juya. A cikin wuyansa, da shuɗin fenti, akwai kwanan wata da lamba 48, da rubutun Injiniya, wanda Zuhra ta sani a kan kowane katin sakamakonta na makaranta.

Ta zauna a ƙasa da tulun a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Haushi ne ya hana ta, da ta tuna mita ɗari da ashirin da aka zuba a bakin titi.

"Zurfin mita arba'in da takwas ke nan," in ji Thaddeus. Ya cire hular kwanonsa, ya sosa kai, ya mayar. "Wannan hujja ne. Saura man gas."

Kowa ya dubi Dakta Abdulmajeed.

"Asusu ya ƙare," ya ce. "Abin da ya rage an ba masu rumfa da masu abinci da mai buga kalanda. Ba za a iya karɓowa ba."

Zuhra ta ɗaga kai. Can ƙarƙashin bishiyar darbejiya, a bayan makaranta, wani farin bijimi mai tozo yana ɗaure yana tuƙa. Gudunmawar Alhaji Sabo ce ta kansa, ya sa an kawo shi tun daga Wudil don walimar jibi.

"Baba Sabo."

"A'a."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Na ga inda idonki ya je. 'Yata, mutum ɗari uku za su zo, da daraktoci, da limamai. Me za su ci? A ce an yi arba'in ɗin Badaru ba a yanka ko akuya ba? Da wane ido zan shiga kasuwa?"

"Baba, su ɗari ukun nan kowa da famfo a gidansa. Naman nan kafin magariba ya ƙare."

"Doyata ashirin na nan," in ji Lantana. "In rasit ya yarda."

Alhaji Sabo ya dubi bijimin, ya dubi tulun. Ya cire hula ya buga ta a cinya, ƙura ta tashi.

"Mutumin nan ko a kabari sai ya sa ni asara. Shekara ashirin da biyar yana shan shayina bai taɓa kawo sukari ba." Ya mayar da hular. "Kai Tibi, je ka duba shi. In ya kai duro huɗu, ka ɗauka."

Thaddeus ya je ya buɗe bakin bijimin, ya dubi haƙora, ya daddaɓa tozon. "Ya kai biyar, Alhaji."

"To ka mayar mini da ƙafa ɗaya."

Kafin la'asar injin ya baro bakin titi yana gurnani, ya tsaya a kan ramin tulun. Thaddeus ya buga waya Gwarimpa ya ce motarsa ta lalace, aka zage shi, ya riƙe wayar nesa da kunne har aka gama.

Washegari Juma'a Zuhra ta iso da hantsi ta tarar an kai mita ashirin. Fari ne garin da ke fitowa, irin na jiya. Mita talatin, fari. Maza suka tafi masallaci suka dawo, an kai arba'in da biyu, fari. Tankar ruwan Dakta Abdulmajeed ta iso daga Gwagwalada duk da haka, ta tsaya a bakin titi ta fara cika tankin da ke kan busasshen rami.

"Don gudun ko-ta-kwana," in ji Dakta, da ya ga tana kallonsa.

Mita arba'in da shida. Arba'in da bakwai. Matan garin sun kewaye wurin da bokitai, ba wanda ya ce su kawo. Thaddeus ya ɗaura wani sandan ƙarfe, injin ya ci gaba da duka.

"Arba'in da takwas," ya ce.

Gari ya fito, fari, busasshe.

Dakta ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ba ya son ya ce ai na faɗa, amma yana so a ji.

"Man da ya rage zai kai mita nawa?" ta tambaya.

"Shida. Bakwai in Allah ya so."

"Ci gaba."

Arba'in da tara, fari. Hamsin, Thaddeus ya tara hannu, ya murza, ya kai hanci. Garin ya yi duhu-duhu. Ya dunƙula shi, ya tsaya a dunƙule. Ya yi wa mai injin alama ya ƙara iska.

A hamsin da ɗaya ramin ya yi tari kamar tsoho, ya tofo jan taɓo har kan babbar rigar Alhaji Sabo, sannan ruwa ya taso, ya wuce tsayin mutum, ya wuce rabin hasumiyar, ya zubo a kan kowa. Matan suka yi guɗa. Lantana ta tsaya a ciki da sandarta, ta buɗe baki tana tara.

"Mita uku Badaru ya rage a lissafinsa," in ji Alhaji Sabo, yana goge taɓo daga gemunsa, idanunsa jajur. "Haka yake. In ya ce maka tafiyar awa ɗaya ce, ka ƙara kwata. Allah ya jiƙanka, raƙumi."

Zuhra ta tara hannu biyu ta sha. Da ɗanɗanon ƙasa, da sanyi. Tana shirin sake tarawa Dakta Abdulmajeed ya matso, yana kare wayoyinsa da hula.

"Alhamdulillahi. Amma Zuhra, a bar tsarin gobe yadda yake. Babban baƙo ba zai tako cikin taɓon nan ba. A buɗe famfon bakin titi, wurin allo, tunda tanki ya cika. Wannan sai a ce kashi na biyu ne na aikin."

"Dakta, ruwan gaskiya na zuba a bayanka, kana so a yi fatiha a kan na tanka?"

"Allon ba ya tuguwa, simintin ya kama."

"To a fasa shi."

"Da sunayenmu a jiki?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta ga matan sun daina guɗa ɗaya bayan ɗaya, suna duban wajen makaranta.

Wata baƙar jif ce marar lamba ta sauko daga titi, ta ratsa tsakiyar filin da gireda ta share, ta tsaya dab da inda ruwan ke malala. Wani mutum ya fito cikin kwat mai ruwan toka, ba wanda ya san shi. Ya dubi injin, ya dubi ruwan, ya dubi dutsen mai tsaga, kamar mai duba kayan da ya bari a ajiye. Direbansa ya buɗe but ya sauke gwangwanin jan fenti na sa alamar rusau, da burushi.

Mutumin ya warware wata doguwar takardar taswira a kan bonet, ya danne gefe ɗaya da waya, ɗaya da makulli.

"Daga titi har gindin dutsen can, filin kamfaninmu ne, an ba mu tun watan Janairu," ya ce, muryarsa ko tashi ba ta yi ba. "Gidaje ɗari biyu za mu gina. Wa ya ba da izinin haƙa a nan?"

Alhaji Sabo ya dubi Dakta. Dakta ya kara waya a kunne, ya ja da baya.

Zuhra ta matse bakin mayafinta, ta miƙa wa Lantana tulun, ta tako cikin taɓo zuwa wurin motar.